Gashin Wutsiya da Takardar Asali: Yadda Ake Tabbatar da Iyayen Ƙananan Dawaki

A fitowar da ta gabata mun buga hoton wani doki da tsayinsa bai kai ƙugun mai riƙe da shi ba, kuma tun daga lokacin wasiƙu suke ta shigowa a kansa. Mun zaɓi huɗu daga cikinsu, za mu kuma fara da wadda ta fi tsawo, domin amsarta ce ta ƙunshi yawancin abin da sauran suke nema.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mazaunin jihar Teksas ne a Amurka, inda na daɗe ina aiki tare da iyalina. Bara na saya wa yarana wata ƙaramar goɗiya irin wadda kuka buga hotonta, kuma tana da ciki lokacin da na saye ta. Mai sayarwar ya ba ni takardar rajistarta, ya haɗa mini da takardar shaidar barbara mai ɗauke da sunan ingarman da ya ce shi ne ya hau ta, kuma gaskiya saboda sunan wannan ingarma ne na amince da kuɗin da ya yanka, domin 'ya'yansa suna da daraja a wuraren baje kolin dawaki. Da goɗiyar ta haihu, na cike fom ɗin rajistar duƙushin, na nemi a tabbatar da iyayensa ta gwajin DNA, na tsige gashi na aika kamar yadda aka umarce ni. Sakamakon da ya dawo ya ce uwar ta dace, amma uban bai dace ba. Na kira mai sayarwar, ya rantse cewa ba shi da masaniya, ya ƙara da cewa takardar ingarmansa ta nuna an yi masa gwajin DNA tun da daɗewa, saboda haka kuskuren daga ɗakin gwaji yake. Shin wannan gwaji yana yin kuskure? Cutata aka yi, ko kuwa akwai wani bayani? Kuma mene ne ya kamata in yi yanzu?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Allah ya raya duƙushin, ya sa yara su more shi. Bari in ba ka amsar a dunƙule kafin in warware ta. Da wuya ƙwarai a ce gwajin ne ya yi kuskure, amma hakan bai isa hujjar cewa mai sayarwar ya yi maka ƙarya da gangan ba. Sai dai hujjar da ya kawo maka ba ta tsaya da ƙafarta ba, domin ya cakuɗa abubuwa biyu da suke daban, kuma wannan cakuɗawar ce take yawan jawo wa masu sayen waɗannan dawaki asara.

A Amurka manyan ƙungiyoyi biyu ne suke riƙe da littafin asalin ƙananan dawaki. Ta farko ita ce wadda ake kira AMHA a taƙaice, an kafa ta a 1978 a nan jiharku ta Teksas, kuma ba ta yarda da dokin da tsayinsa ya haura inci 34, wato kimanin santimita 86, idan aka auna daga ƙasa zuwa inda gashin geza na ƙarshe ya tsaya. Ta biyu ita ce AMHR, wadda reshe ce ta ƙungiyar masu kiwon ƙananan dawakin Shetland da ta kafu tun 1888, ita kuma ta raba dawakinta gida biyu: masu inci 34 zuwa ƙasa, da waɗanda suka haura haka har zuwa inci 38. To, tsayi abu ne da ake aunawa da sanda a gaban kowa, babu wanda zai yi gardama a kai. Nasaba kuwa a da can maganar mai barga ce kawai, shi ne yake cike takarda ya lissafa goɗiyoyin da ingarmansa ya hau da ranakun da aka yi barbarar, ƙungiya kuma ta karɓa ta rubuta. Don a rage dogaro ga baki kaɗai ne AMHA ta kafa dokar cewa duk dokin da aka haifa bayan 31 ga Disamba, 1995, sai an yi masa gwaji an adana bayanansa kafin a yi wa 'ya'yansa rajista.

Ka lura da abin da wannan doka ta nema. Ta nemi a ɗauki bayanan DNA na doki a ajiye, wanda ya yi daidai da dangwala yatsa da mutum yake yi wajen karɓar katin ɗan ƙasa. Zanen yatsanka yana tabbatar da cewa kai ne, amma ba ya faɗin wane ne mahaifinka, ba ya kuma faɗin su wane ne 'ya'yanka. Tabbatar da iyaye mataki ne na biyu, inda ake ɗauko bayanan ɗa, da na uwa, da na uba, a jera su a kwatanta gurbi da gurbi. Saboda haka rubutun da ke jikin takardar ingarman nan, cewa an yi masa gwajin DNA, bai ce komai ba game da ko shi ne ya yi wa goɗiyarka ciki. Hasali ma, wannan bayani da aka adana tun da daɗewa shi ne aka ɗauko aka kwatanta da na duƙushinka, har aka gano ba su dace ba.

Ga yadda kwatancen yake gudana. Kusan kowace ƙwayar halitta a jikin doki tana ɗauke da kuromosom 64, wato ƙunsoshin zaren DNA mai ɗauke da bayanan gado, rabi daga uwa, rabi daga uba. A cikin dogon zaren DNA akwai wasu gurabe da 'yan haruffa ƙalilan suke maimaita kansu a jere, kuma yawan maimaicin ya bambanta daga doki zuwa doki, wani sau goma sha biyar, wani sau ashirin. Waɗannan gurabe ba su ne suke yanke launi ko tsayi ko hali ba, amfaninsu kawai shi ne ana gadonsu yadda suke, don haka suka zama alamun shaida. Ƙungiyar masana gadon halittar dabbobi ta duniya, ISAG, ta tsayar da gurabe 12 da ɗakunan gwaji suke dubawa a doki, domin sakamakon wannan ƙasa ya karantu a waccan, kuma ɗakuna da yawa suna ƙara wasu a kai har su kai wajen 17. A kowane gurbi doki yana da alamu biyu, ɗaya daga kowane mahaifi, ana rubuta su da haruffa.

Mu ɗauki misali da gurbi ɗaya. A ce goɗiyarka tana da K da M, duƙushin kuma yana da M da O. Tunda uwar ba ta da O, M ɗin ne ya samu daga gare ta, ke nan O dole daga uba ta fito. Idan aka duba ingarman aka tarar yana da L da N, to ba shi da O da zai bayar, kuma abin da doki ba shi da shi ba ya gadar da shi. A gurbi ɗaya tak masana ba sa yanke hukunci, domin wani lokaci yawan maimaicin yakan ɗan sauya da kansa a tsakanin uba da ɗa. Idan hakan ta faru sai a ƙara duba wasu gurabe. Amma idan saɓanin ya bayyana a gurabe biyu ko fiye, a nan ake cewa an cire wannan ingarma daga zama uba. Shi ya sa kalmar "bai dace ba" ta fi kalmar "ya dace" ƙarfi. "Ya dace" tana nufin an duba ko'ina ba a sami abin da zai cire shi ba, kuma idan an haɗa da bayanan uwa, tabbacin ya haura kashi 99 cikin ɗari. "Bai dace ba" kuwa tana nufin an sami abin da ba zai yiwu a gado ba.

To, ta yaya mutumin da ba maƙaryaci ba zai rubuta sunan uban da ba shi ba? A harkar ƙananan dawaki wannan yana faruwa fiye da yadda ake zato, kuma ƙanƙantarsu tana cikin dalilan. Duƙushi namiji yana iya yi wa goɗiya ciki tun yana da shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, amma da yake a wannan lokaci bai wuce girman tunkiya ba, mai gona yakan ɗauke shi jariri ya bar shi yana kiwo tare da goɗiyoyi. Wannan shi ne abin da na fi zargi a lamarinka. Akwai kuma ingarman da yake kutsawa ta shinge da dare ya koma kafin gari ya waye. Sannan akwai goɗiyar da aka kai wa ingarma ɗaya, aka ɗauka ba ta kama ba, aka sake kai ta wa wani. Goɗiya tana sake neman namiji kusan kowane kwana 21, cikinta kuma yakan kai wajen kwana 340, amma yana iya gazawa ko ya zarce da makonni, kuma na ƙananan dawaki yakan ɗan gaza na manya. Ka ga ke nan ranar haihuwa ba ta isa ta raba gardama tsakanin ingarmu biyu da suka hau ta a jere ba.

Kuskuren da ya fi kusa da abin da mai sayarwar yake nufi ba a cikin na'ura yake aukuwa ba, a barga yake aukuwa. Mutum ya tsige gashin dawaki uku a yini ɗaya ya sauya ambulan, ko kuma tun shekarun baya gashin da aka aika da sunan ingarman na wani doki ne. A wajenka, dacewar da uwar ta yi alama ce mai kyau cewa gashin da ka aika na duƙushinka ne. Akwai kuma wani abu da ba safai ake ganinsa ba, inda tagwaye suke haɗewa tun suna 'yan ƙwayoyi a ciki su zama doki ɗaya mai ɗauke da DNA iri biyu, har abin da ke gashinsa ya saɓa wa abin da yake gadar wa 'ya'yansa. An taɓa tabbatar da irin wannan a wasu dawaki a Amurka, amma kada ka ɗora zatonka a kansa kafin ka bi hanyoyin da suka fi kusa.

Shawarata ita ce ka fara tambayar ɗakin gwajin a gurabe nawa aka sami saɓani. Idan da yawa ne, maganar sauyin halitta ta faɗi. Daga nan ka nemi a sake tsige gashin ingarman a gaban likitan dabbobi, a tabbatar ya yi daidai da bayanan da aka adana da sunansa. Idan ya yi daidai, sai ka ƙirga wata goma sha ɗaya baya daga ranar haihuwa, ka ƙara wata guda gaba da baya, ka roƙi mai sayarwar ya lissafa maka duk namijin doki da yake gonarsa ko gonar maƙwabcinsa a wannan tsakani, har da ƙanana, har da waɗanda aka sayar, har da waɗanda aka dandaƙe daga baya. Dandaƙa ba ta sauya DNA, kuma dokin da aka dandaƙe yana iya yin ciki na ɗan lokaci bayan aikin. Waɗanda bayanansu suke ajiye ba sai an sake taɓa su ba, kwatance kawai za a yi. Ka tabbata an sa bayanan uwar a kowane kwatance, domin a ƙaramar gona ingarmu sukan kasance uba da ɗa ko wa da ƙane, alamunsu suna kama da juna, kuma bayanan uwar ne suke taimakawa a rarrabe su. Idan uban gaskiya yana da rajista, ana iya gyara takardar barbara da sa hannun mai shi, duƙushinka ya shiga littafi da nasabarsa ta gaskiya. Idan ba shi da ita, mai yiwuwa duƙushin ya rasa takarda, ko da yake hakan bai rage masa lafiya ko kyau ba.

Game da ko an cuce ka, Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, don haka kada ka tuhume shi tukuna. Halinsa a kan wannan bincike shi ne zai nuna maka ko wane ne. Mai gaskiya zai buɗe maka ƙofar gonarsa, domin shi ma yana da bukatar sanin wane namiji ne yake shiga cikin goɗiyoyinsa. Amma ko da kuskure ne tsantsa, kuɗin da ka biya saboda sunan ingarma ka biya ne a kan abin da ba ka samu ba, kuma adalci shi ne ya mayar maka da bambancin. Idan ya ƙi ba da haɗin kai, ka kai ƙara ga ƙungiyar rajistar a rubuce tare da kwafin takardunka. Nan gaba kuma, idan za ka sayi goɗiya mai ciki, ka sa a rubuta cikin yarjejeniya cewa cikon kuɗi sai gwaji ya tabbatar da uba.

Tambaya: Malam, ni tun tasowata a barga nake a nan Kano, mahaifina ma hidimar dawakin hawan sallah ya yi. Tsofaffinmu suna kallon duƙushi su faɗi ubansa daga ƙirar kai da tafiya. Shin waɗannan ƙananan dawaki ba su ne kuru da muka sani ba? Kuma ina amfanin kashe kuɗi a gwaji tunda ido yana ganewa?

Amsa: Sannu da ƙoƙari, Malam, Allah ya ƙara wa barga albarka. Ba su ne kuru ba. Kurun da aka sani a ƙasarmu, irin na tsaunukan Filato, gajere ne amma babban mutum yana hawansa ya yi tafiya. Waɗannan kuwa ba sa ɗaukar babba, sai dai su ja ƙaramin keke, ko a baje kolinsu, ko a horar da su su yi wa makafi jagora, abin da dokokin kare haƙƙin masu naƙasa na Amurka suka ba shi gurbi tun 2011. Jininsu ya fi yawa daga dawakin tsibiran Shetland da ke arewacin Birtaniya, waɗanda kasuwarsu ta buɗe bayan dokar 1842 da ta hana mata da ƙananan yara aiki cikin ramukan haƙar kwal, aka koma sa gajerun dawaki su ja kaya a ƙarƙashin ƙasa. Akwai kuma reshen Ajantina, wanda iyalin Falabella suka yi zuriya bayan zuriya suna zaɓen mafi ƙanƙanta har irin ya ɗauki sunansu.

Idon tsofaffi kuwa ba abin rainawa ba ne, kuma ilimin gado ya gaskata wani ɓangare na abin da suke lura da shi. Misali, dokin da ake haifa da duhun gashi sannan ya yi ta yin furfura har ya koma fari, dole ɗaya daga cikin iyayensa ya kasance mai irin wannan furfurar. Haka nan jan doki zalla, wanda gezarsa da wutsiyarsa ba baƙaƙe ba ne, idan aka haɗa shi da goɗiya irinsa, ba za su haifi akawal ba. Da irin waɗannan ƙa'idoji ido yana iya cewa wane ba uba ba ne. Inda yake gazawa shi ne wajen cewa wane ne uban, domin kama da wane ba ta wane, kuma duƙushi yana iya ɗauko ƙirar kan kakansa, wadda ingarmu uku na barga ɗaya suka yi tarayya a cikinta.

Turawan Ingila da suka fara buga littafin asalin dawakin sukuwarsu a 1791 sun fi kowa alfahari da tsare nasaba, amma wani bincike da aka wallafa a 2002, wanda ya bi sawun DNA da ake gada ta wajen uwa kaɗai, ya gano dawakin da littafi ya ce tsatsonsu ɗaya alhali jininsu ya nuna ba haka ba. Hukumar rajistar dawakin sukuwa ta Amurka ma, bayan shekaru tana amfani da rukunin jini, ta koma DNA daga 'ya'yan da aka haifa a 2001. A ganina, abin da bargoginmu suka fi bukata kafin gwaji shi ne littafi. Gwajin yana aiki a kan kowane doki, na gida ne ko na Sudan ko na wasan folo da ake shigowa da shi daga Ajantina, amma ba shi da amfani idan babu abin da za a kwatanta. Mai barga da zai riƙa rubuta ranar barbara da ranar haihuwa, ya kuma adana gashin kowane ingarma a ambulan mai suna, ya yi wa jikokinsa tanadin da ba ya cin kuɗi.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce mai karatun likitancin dabbobi a Zariya. Da na ga hoton sai na ɗauka wada ne. Shin gwajin iyaye yana nuna ko duƙushi zai zama wada, ko kuma iyakar tsayin da zai kai?

Amsa: Malama, Allah ya ba da sa'ar karatu. Tambayarki tana da muhimmanci, domin masu saye da yawa suna ɗauka cewa da zarar an ce an yi gwajin DNA, to an duba komai. Ƙaramin doki lafiyayye ba wada ba ne, gaɓoɓinsa sun daidaita da juna kamar na babban doki. Wada kuwa cuta ce ta gado, kuma zaɓen ƙanƙanta da aka daɗe ana yi ya sa ta yaɗu a cikin wannan iri, domin a shekarun baya an yi kiwo da dawakin da suke ɗauke da ita saboda gajartarsu. Binciken da aka yi a Jami'ar Kentaki ya gano sauye-sauye huɗu a wata ƙwayar gado mai suna ACAN, wadda take da hannu wajen gina guringuntsi, aka yi musu laƙabi da D1 zuwa D4. Dokin da ya gaji sauyi ɗaya daga mahaifi ɗaya yakan tashi lafiya, ba a ganin komai a jikinsa. Idan aka haɗa masu ɗauke da shi biyu, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a sami wada, mai ƙaton kai, da karkatattun ƙafafu, da muƙamuƙin ƙasa da ya zarce na sama, wani lokaci da wahalar numfashi. Haɗuwar da D1 take ciki ta fi muni, domin yawanci cikin ne yake zubewa ko ɗan ya zo ba rai.

Gwajin iyaye ba ya ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan, saboda guraben da yake dubawa daban ne. Sai an nemi gwajin wada da sunansa, ko da yake gashin da aka aika sau ɗaya yakan isa a yi duka biyun. Tsayi ma ba ya faɗinsa, shi ya sa ƙungiyoyin suke ba duƙushi takardar wucin gadi, sai ya girma an sake auna shi a ba shi ta dindindin. Amma gwaje-gwajen biyu suna jingine da juna. Mai kiwo da ya ce ba sai ya gwada duƙushi ba tunda iyayensa ba sa ɗauke da cutar, maganarsa tana tsayawa ne kawai idan iyayen da ke takarda su ne iyayen gaskiya. Wannan ne ya sa nake ɗaukar tabbatar da nasaba a matsayin tausayi ga dabba, domin duƙushin da aka haifa wada shi yake shan wahalar kuskuren da aka yi a takarda. Mai ɗauke da sauyi ɗaya kuma ba sai an fitar da shi daga kiwo ba, a dai haɗa shi da wanda gwaji ya nuna ba ya ɗauke da komai.

Tambaya: Malam, daga Damagaram nake rubutowa. Me ya sa gashi ake aikawa maimakon jini, kuma yaya ake yi idan ingarman ya riga ya mutu?

Amsa: Ɗan'uwa, ba gashin kansa ake bukata ba, saiwarsa ake bukata, wato ɗan farin kumburin da yake fitowa a gindinsa idan an tsige, domin a nan ƙwayoyin halitta suke. Gashin da aka yanke da almakashi, ko wanda ya zube da kansa, ko wanda aka kwaso daga buroshi, ba ya aiki. Ɗakin gwaji na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, wanda yana cikin waɗanda suka fi daɗewa a wannan fanni, yana neman sili 20 zuwa 30 masu saiwa. An fi son gashi ne saboda busasshe ne, yana jure tafiya ta gidan waya ba tare da sanyi ba, ba ya bukatar allura, kuma tagwayen da jininsu ya gauraya tun a ciki gashinsu yakan nuna kowa da nasa.

Wajen tsigewa, a naɗe sili biyar zuwa goma a yatsa kusa da fata a fizge da sauri, daga geza ko wutsiya, kuma dokin ba ya jin zafin da ya wuce na ɗan lokaci. Ga duƙushi a ɗauka daga wutsiya, domin saiwar gezarsa ba ta yi ƙwari ba. Gashin ya kasance busasshe mai tsabta, a sa shi a ambulan na takarda, kada a sa a leda saboda gumi yana lalata shi, a rubuta sunan dokin nan take, a wanke hannu kafin a taɓa na gaba.

Idan ingarma ya mutu alhali an riga an adana bayanansa, mutuwarsa ba ta hana komai, ana iya kwatanta su da na ɗan da aka haifa bayansa. Idan ba a adana ba, a yi hanzarin tsige gashinsa kafin a binne shi. Idan hakan ma ya wuce, wasu ɗakunan gwaji suna iya ciro DNA daga haƙori ko ƙashi, ko kuma su tattara bayanan 'ya'yansa da dama tare da na uwayensu su sake gina nasa, sai dai waɗannan hanyoyi sun fi tsada, sun fi cin lokaci, kuma sai an fara samun amincewar ƙungiyar rajista kafin ta karɓi sakamakonsu.